Wanda ya kashe Sardauna, a Kaduna aka rufe shi

 

 Ba na jin akwai ɗaya daga cikinku, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, da bai taɓa jin sunan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ba. Tsofaffinmu har yau in sun ambace shi sai sun ce Allah ya ji ƙan Gamji. Amma in aka tambaye ku wa ya kashe shi, yaya wanda ya kashe shi ya ƙare, ina kuma kabarinsa yake, nan za a ga an yi tsit. To, ku saurara. Hafsan soja ne, sunansa Chukwuma Kaduna Nzeogwu. Ya mutu yana da shekara 30, a farkon yaƙin basasar Nijeriya, wanda dattawa ke ce ma yaƙin Ojukwu. Sojojin tarayya ne suka harbe shi, ƙarƙashin wani hafsa ɗan Arewa. Gwamnatin da yake yaƙa kuma ita ta ɗauko gawarsa daga fagen fama, ta kai ta Kaduna, garin da ya zubar da jinin Sardauna, ta rufe shi da cikakkiyar girmamawar soja.

Kaduna ɗin nan da ke tsakiyar sunansa ba sunan yanka ba ne. A garin aka haife shi, cikin watan Fabrairu na 1937. Iyayensa ƴan ƙabilar Ibo ne daga Okpanam, wani gari kusa da Asaba, a gaɓar yamma ta kogin Kwara, wanga kogi dai da ya ratsa Yamai. A Kaduna ya tashi, can ya yi karatu a kwalejin ƴan mishan ta St. John's, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, shi ya sa abokan aikinsa Hausawa suka laƙaba masa sunan garin. Ya shiga soja a 1957, ya yi horon farko a Gana, ya wuce makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito a 1959. Ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi aikin leƙen asirin soja, daga baya ya zama babban malami a makarantar horar da sojoji ta Kaduna, da muƙamin manjo, wato abin da sojojinmu na nan ke kira kumandan.

Waɗanda suka zauna da shi, masoya da maƙiya, bakinsu ya zo ɗaya a kan halinsa: ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya neman mata, ɗan Katolika ne mai riƙo da ibadarsa, ga yawan karatu, ga ƙin cin hanci. Ku riƙe wannan da kyau. Mun saba ɗauka cewa mai babbar ɓarna dole ya kasance ɗan iska ne. Sau da yawa kuwa saurayi ne kamili, wanda ya ga zalunci da idonsa, ransa ya ɓaci, ya kuma sakankance cewa shi kaɗai ya gane maganin.

Zaluncin kuwa akwai shi. An yi ƙidayar jama'a a 1962 aka soke, aka sake a 1963, aka yi ta jayayya a kan adadin. Zaɓen tarayya na ƙarshen 1964 ya zo da ƙauracewa da zargin maguɗi. Na Jihar Yamma a watan Oktoba 1965 ya fi muni, har aka riƙa watsa ma mutane da gidaje fetur ana cinna wuta. Sai wasu manjoji ƙalilan, Nzeogwu a Kaduna, su Emmanuel Ifeajuna da Adewale Ademoyega a Legas, suka yanke cewa bindiga ce za ta gyara ƙasa.

Daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, ana cikin goman ƙarshe na watan azumi, Nzeogwu ya fitar da sojoji da sunan atisayen dare, wanda ya sa ma suna Damisa. Akwai ƴan Arewa da yawa a cikinsu, kuma mafi yawansu ba su san inda za a kai su ba sai da aka tsaya gab da gidan firimiya. Aka harba ma gidan makamin fasa tankar yaƙi, rufi ya kama da wuta. Aka kashe masu gadi, har da dogarinsa Zarumi. Aka iske Sardauna a cikin gida tare da iyalinsa. Uwargidansa Hafsatu ta ƙi rabuwa da shi, aka harbe su tare. Mu nan Nijar mun san irin wanga dare: a juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 haka Hajiya Aisa Diori, matar shugaban ƙasa, ta rasa ranta a fadar gwamnati.

A daren nan dai, a Kaduna, an kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa a ɗakin kwanansu, an kashe Kanar Ralph Shodeinde. A Ibadan an kashe Firimiya Akintola. A Legas an tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Okotie-Eboh, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam da Arthur Unegbe. Gawar Abubakar sai bayan kwanaki aka tsince ta a gefen hanya bayan garin Legas, aka kai ta Bauci. Shi ko Sardauna, mutumin da in zai tafi hajji gari ke fita rakiya, a gaggauce aka yi masa sutura a Kaduna, cikin tsoro, sojoji na sintiri a kan titi.

Da rana Nzeogwu ya hau rediyon Kaduna ya ce abokan gabarsu su ne maciya hanci, masu karɓar kashi goma cikin ɗari na kuɗin kwangila, masu raba kan ƙasa da ƙabilanci. Magana mai daɗin ji, kuma har yau in soja ya hau rediyo da asuba kusan ita yake maimaitawa. Amma mutanen Arewa ƙirga suka zauna suka yi. Sun rasa firimiya, sun rasa firayim minista, sun rasa manyan hafsoshinsu huɗu a dare guda. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ko ƙwarzane bai samu ba. Mafi yawan manjojin Ibo ne, wanda kuma mulki ya faɗa hannunsa, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo ne. Nzeogwu ya dage daga baya cewa shirin nasu na ƙasa baki ɗaya ne, abokansa na Kudu ne suka kasa cika nasu. Ko da gaskiya ya faɗa, lissafin gawawwakin bai taimaki maganarsa ba.

Juyin mulkin bai yi nasara ba. Ironsi ya kuɓuta a Legas ya tattara soja. A Kano, kwamandan bataliya ta 5 ya ƙi bin Nzeogwu, kuma kun san ko wane ne? Odumegwu Ojukwu ne, wanda shi ma haifaffen Arewa ne, a Zungeru. Cikin ƴan kwanaki Nzeogwu ya miƙa wuya, aka kai shi Legas aka tsare a kurkukun Kirikiri, daga baya aka mayar da shi wani kurkuku a Gabas.

Nan ne aka yi kuskuren da ya jawo sauran. Ironsi ya yi wata shida a kan mulki bai gurfanar da mutanen nan gaban kotu ba. A Arewa aka fassara shirun da cewa bakinsu ɗaya. Ana cikin haka, ranar 24 ga Mayu ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta soke tsarin jihohi ta mayar da komai hannun Legas. Kafin mako ya zagayo tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kiran a raba. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka rama, suka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Fajuyi da hafsoshin Ibo masu yawa, Yakubu Gowon ya hau. A watannin Satumba da Oktoba kuma aka yi abin da dole a faɗe shi ko ba daɗi: aka karkashe dubban ƴan ƙabilar Ibo a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauran garuruwa, ƴan tireda, ma'aikatan jirgin ƙasa, mata da yara, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Har filin jirgin saman Kano aka bi masu gudu. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka tsere zuwa Gabas, can ma aka kashe ƴan Arewa aka kori saura. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana a Janairu 1967, aka tashi kowa da fassararsa. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jiha 12, ranar 30 Ojukwu ya ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Shi fa Nzeogwu? Ojukwu ya sake shi a watan Maris 1967, amma ba su jitu ba. A wata hira da ɗan jarida ya fito fili ya ce ɓallewa ba dabara ba ce, shi da Nijeriya guda ya yarda. Ojukwu bai ba shi wata runduna ta kirki ya riƙe ba. Duk da haka da yaƙi ya zo, a gefen Biyafara ya tsaya. Garin Nsukka mai jami'a ya faɗa hannun sojojin tarayya a tsakiyar Yuli, Nzeogwu ya shiga ɗibar ƴan mutane kaɗan yana kai farmakin dare a kewayen garin. A ƙarshen watan ya faɗa kwanton ɓauna na sojojin bataliya ta 21, ƙarƙashin Kyaftin Muhammad Inuwa Wushishi, wanda daga baya ya zama shugaban sojojin ƙasa na Nijeriya a 1981. Nan ya mutu. Shekara ɗaya da rabi ke nan tsakaninsa da daren Damisa, yaƙin kuma ko wata guda bai cika ba.

Da gari ya waye aka gane gawar, don babu sojan da bai san fuskarsa ba, wasu ma shi ya koyar da su riƙon bindiga. Marubuta tarihin yaƙin da dama sun ruwaito cewa kafin a ɗauke ta wani ya taɓa ta, ya ƙwaƙule idanu. Da labari ya kai Legas, Gowon ya ba da umarni a kai gawar Kaduna, a rufe ta a maƙabartar sojoji da cikakkiyar girmamawa. Abin da ake nufi da wannan a al'adar soja shi ne a lulluɓe akwati da tutar ƙasa, sojoji su jeru, a harba bindiga sama, a busa ƙaho. Haka aka yi wa mutumin da aka kashe yana yaƙar wannan tuta.

Me ya sa? Dalili na farko, sojan Nijeriya na lokacin ɗan ƙarami ne, hafsoshinsa ƴan gida ɗaya ne. Ɗaki guda suka kwana a makaranta, tebur guda suka ci abinci, Kwango guda suka je. Gowon ma ɗan Sandhurst ne. Kuma ku dubi shekarunsu: Gowon 32, Ojukwu 33, Murtala Muhammad 28, Nzeogwu 30. Sa'o'in wasunku ne, ko yayyenku. Samari ne da suka san juna suka ja ƙasa mai mutum miliyoyi cikin yaƙi, in ɗaya ya faɗi kuma ɗayan yana ganin abokin karatunsa ne kwance. Dalili na biyu siyasa ce. Gowon tun farko ya ƙi kiran abin yaƙi, ya ce aikin ƴan sanda ne na maido da ƴan'uwa gida, har ya fitar ma sojojinsa da ƙa'idojin yadda za su bi da fararen hula da fursunoni. Rufe Nzeogwu a matsayin hafsan Nijeriya, mutumin da aka san bai yarda da ɓallewa ba, saƙo ne ga sojojin Biyafara da ƙasashen waje cewa gwamnatin tarayya ba ƙabila take yaƙa ba.

To, a nan ina so ku raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: rufe gawa dabam, karramata dabam. Na farko ba a jayayya a kansa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya wuce babin jana'iza ya san cewa gawar wanda ba musulmi ba, in aka ji tsoron za ta tozarta, binne ta ake yi. Kun san abin da aka yi wa gawar Sayyidina Hamza a Uhudu, kun san irin zafin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ji, kuma duk da haka ya hana a yi wa gawar abokin gaba musla, wato yanka ta ko ɓata kamanninta. Ya taɓa miƙewa tsaye don gawar Bayahude da aka wuce da ita. Saboda haka sojan da ya taɓa idanun Nzeogwu, ko da son Sardauna ne ya sa shi, bai yi wa Sardauna komai ba, laifi ya ɗaukar ma kansa. Gowon, wanda Kirista ne ɗan Wusasa, a nan ya fi shi kusa da abin da muka karanta.

Tuta da busa ƙaho kuwa, wannan wata magana ce. A ganina iyalin Sardauna, da ƴaƴan Ademulegun da aka mayar marayu uwa da uba a dare guda, suna da haƙƙin jin ciwo. Abin da ke kan Nzeogwu shari'a ce: a tsayar da shi gaban alƙali, a kira shaidu, a tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga gidan mutum da tsakar dare, ya kare kansa, a yanke hukunci kowa ya ji. Ironsi bai yi ba, Gowon da ya hau bai kai ga yi ba, Ojukwu ya buɗe masa ƙofa. Har ya mutu ba kotun da ta saurare shi. Da an yi wannan a farkon 1966, mai yiwuwa ne da mai sayar da kayan gyaran keke a Sabon Garin Kano bai biya bashin da bai ci ba. Da aka rasa hukunci, sai kowane ɓangare ya yanke nasa: a wani wuri gwarzo ne, a wani wuri la'ananne, har gobe kuma haka ake.

Don ku ga yadda rabon kabari ya kasance a wannan yaƙi, ku dubi abokin shirinsa Ifeajuna. Shi ne ya ciyo ma Nijeriya lambar zinariya a tsallen sama a wasannin ƙasashe renon Ingila na 1954, hotonsa har a bangon littattafan rubutun ƴan makaranta. A watan Satumba 1967 gwamnatin Biyafara da kanta ta ɗaure shi ta harbe a Enugu tare da Victor Banjo da wasu mutum biyu, bisa zargin cin amana. Nasa suka kashe shi, ba tuta ba ƙaho.

Ku dubi kuma Asaba, maƙwabciyar Okpanam, garin iyayen Nzeogwu. A farkon Oktoba 1967, mako goma kacal bayan jana'izar Kaduna, sojojin tarayya na runduna ta 2 suka shiga garin. Ranar 7 ga wata jama'a suka fito cikin fararen kaya suna rawa da waƙar goyon bayan Nijeriya guda, don a bar su da rai. Aka ware maza da samari gefe aka buɗe masu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka tura su cikin manyan ramuka. Sojan da ya harba bindiga sama don girmama manjo guda, shi ne ya yi wannan. Ƙa'idojin da Gowon ya rubuta suna nan a takarda, amma ladabin da hafsoshi suka yi wa junansu bai sauko kan talaka ba. Haka nan ƙananan sojoji na ɓangarorin biyu, cikinsu har da samarin ƙasar Hausa da aka ɗiba aka yi wa horon ƴan makonni, da yawansu iyayensu ba su taɓa sanin inda aka rufe su ba.

Ƙasarmu ba ƴar kallo ba ce a wannan al'amari. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa ta Legas, ga zumunta da auratayya da ba su san iyaka ba. Faransa ta Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara, Kodebuwa da Gabon har suka amince da ita a matsayin ƙasa, amma Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. Yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa a 1967 don neman sulhu, tare da Sarki Haile Selassie na Habasha da Ahmadu Ahijo na Kamaru. A watan Yuli 1968, shekara guda bayan mutuwar Nzeogwu, a Yamai kwamitin ya zauna. Gowon ya zo, bayansa Ojukwu ma ya zo. An yi magana a kan hanyar kai abinci ga masu mutuwa da yunwa, aka ɗage sauran zuwa Addis Ababa, can ma ba a cimma komai ba.

Yaƙin ya ci gaba har wata 30. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawansu yara ne da yunwa ta kashe a cikin Biyafara. Ojukwu ya tsere zuwa Kodebuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif da daren Damisa. Kwamandan da ya karɓi saranda a fagen fama, Olusegun Obasanjo, babban aminin Nzeogwu ne tun suna ƙananan hafsoshi a Kaduna. A 1987, bayan ya yi mulkin ƙasa ya sauka, ya rubuta littafi sukutum a kan abokin nasa, littafin ya tayar da ƙura ƙwarai a Arewa. Gidan da aka kashe Sardauna kuwa yanzu shi ake kira Arewa House, cibiyar ajiye takardun tarihi da bincike ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma duk wanda hanya ta kai shi Kaduna daga cikinku yana iya shiga ya gani.